Yadda Mai Dafa Giya a Gida Zai Gane Inda Tsimuwa Ta Kai

Daga lokacin da aka zuba yisti a cikin ruwan zaƙin da aka tace daga tsiron sha'ir, aka tafasa, aka bari ya huce, sannan aka rufe bokitin, aikin ya bar hannun mai dafa giya ya koma hannun wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani. Abin da ya rage masa shi ne lura, kuma a nan ne sababbin hannu suka fi tuntuɓe. Wasu kan buɗe murfi safe da yamma don ɗoki, har su shigar da abin da zai lalata giyar, wasu kuma kan dogara da alamar da ba ta tabbatar da komai, su ɗura giya a kwalba alhali yisti bai gama aikinsa ba. Akwai alamomi da dama da ke nuna cewa tsimuwa na tafiya, amma abu guda ne kawai yake tabbatar da cewa ta ƙare, wato awon nauyin ruwan da ya tsaya a wuri ɗaya kwana biyu zuwa uku bai motsa ba.

Kafin a zo kan awo, yana da kyau a san abin da ke faruwa a cikin bokitin. Yisti halitta ce mai rai da ke cin sukari, ta fitar da barasa da iskar kabon dayokzaid, kuma kusan rabi da rabi take raba su, domin giram 180 na sukarin gulukos yakan ba da giram 92 na barasa da giram 88 na iskar. Louis Pasteur na ƙasar Faransa ne ya nuna, tun daga shekarar 1857, cewa tsimuwa aikin halittu masu rai ne, sannan a 1883 Emil Christian Hansen ya ware tsantsar yisti iri ɗaya a ɗakin binciken kamfanin Carlsberg da ke Denmark. Albarkacin wannan aiki ne a yau mutum yake sayen yisti a fakiti, ya ga an rubuta zafin da yake so da kuma yawan sukarin da yake iya cinyewa, kuma waɗannan lambobi biyu za su yi maka amfani ƙwarai nan gaba, saboda haka kada ka yar da fakitin. Yisti yakan fara da sukari mai sauƙin ci kamar gulukos, ya koma kan maltos wanda shi ne mafi yawa a ruwan tsiro, sannan a ƙarshe ya lallaɓa da maltotirayos a hankali. Shi ya sa tsimuwa take farawa da ƙarfi, ta ƙare da jan ƙafa, kuma wannan jan ƙafar na ƙarshe shi ne yake ruɗin mutane.

Abin da ido yake gani

A awoyin farko babu abin da za ka gani, kuma wannan shiru ba matsala ba ne. Yisti yana shan iskar oksijin da ke cikin ruwan yana hayayyafa, kuma yawanci sai bayan awa 12 zuwa 24 alamar farko take bayyana, wani lokaci ma har awa 48 idan wurin yana da sanyi ko yistin ya yi kaɗan. Alamar farkon ita ce ɗigo-ɗigon farar kumfa a saman ruwan, wadda takan haɗe ta zama shimfiɗa mai kauri, ta tashi tsawon yatsa ko fiye, samanta da dabbare-dabbaren ruwan ƙasa. Wanda yake amfani da tulun gilashi zai ga ruwan ya yi duhu-duhu yana juyawa da kansa, gutsattsarin abubuwa suna hawa suna sauka kamar ana tafasa shi ba tare da wuta ba. Wannan tashe yakan ɗauki kwana biyu zuwa huɗu, sannan kumfar ta fara lotsawa, ta bar zobe mai launin ƙasa a jikin bokitin, gwiɓa kuma ta taru a ƙasa. Zoben nan shaida ne mai amfani, domin idan ka yi tafiya ka dawo ka tarar da komai tsit, ganinsa ya isa ya gaya maka cewa tsimuwa ta auku a bayanka. Sai dai faɗuwar kumfa ba ta nufin an gama, kuma akwai irin yistin da kumfarsa takan zauna a sama har bayan sukari ya ƙare.

Sai kuma mafitar iska, wato ɗan lanƙwasasshen bututun nan mai ruwa a ciki da ake cusawa a murfi, wanda yake barin iska ta fita amma ba ya barin ta waje ta shiga. Babu mai dafa giyar da ba ya jin daɗin ƙarar ɓul-ɓul ɗinta a daren farko, ni ma ina ji, amma ba a kafa hukunci da ita. Idan murfin bokiti bai kama sosai ba, iskar za ta sulale ta gefe, mafitar ta yi shiru alhali tsimuwa na kan ganiyarta. A wani ɓangaren kuma, giyar da ta gama tun mako guda tana iya ci gaba da ɓulɓula jefi-jefi, saboda iskar da ta narke a cikinta tana fita duk lokacin da ɗakin ya ɗumama ko aka taɓa bokitin. Ƙidayar kumfa a minti ɗaya tana nuna cewa iska na fita ta wannan ƙofa, iyakarta ke nan.

Zafi kuwa alama ce da ta fi cancantar a kula da ita fiye da yadda ake yi. Yisti yana fitar da zafi yayin da yake aiki, don haka a kwanakin tashe ruwan cikin bokiti yakan fi iskar ɗakin zafi da digiri biyu zuwa biyar. Yistin da ke aiki a ɗumi, wanda ake yin giyar da ake kira el da shi, ya fi son digiri 18 zuwa 22 a ma'aunin Salshiyas, shi kuma yistin da ke aiki a sanyi, wanda ake yin giyar da ake kira laga da shi, ya fi son wajen digiri 8 zuwa 13. Ka manna ma'aunin zafi a jikin bokitin, ka rufe shi da ɗan tsumma don ya karanta zafin ruwan maimakon na ɗakin. Idan zafi ya haura abin da aka rubuta a fakiti a kwana ukun farko, giyar takan fito da wari mai kaifi irin na sinadarin goge fenti, kuma jira ba ya gyara wannan, saboda haka wannan shi ne lokacin da sa ido yake da riba. Idan kuma ka ga zafin bokitin ya sauko ya daidaita da na ɗakin, to tashen ya wuce, lokacin awo ya matso.

Awo da haidiromita

Haidiromita siririn bututun gilashi ne mai nauyi a gindi da lambobi a wuya, wanda ake sakawa a ruwa ya yi iyo a tsaye. Ruwa zalla yana nuna 1.000. Sukari yana ƙara wa ruwa nauyi, don haka a ruwan zaƙi bututun yakan taso sama, ya nuna lamba kamar 1.040 zuwa 1.060 ga giya mai matsakaicin ƙarfi. Yayin da yisti yake cinye sukarin yana mai da shi barasa, wadda ta fi ruwa rashin nauyi, sai bututun ya riƙa nutsewa, lambar tana sauka, har ta tsaya a wajen 1.008 zuwa 1.014 ga yawancin giya. Ba ta komawa 1.000 saboda akwai wani kaso na sukari mai sarƙaƙiya da yistin giya na yau da kullum ba ya iya ci, kuma shi ne yake ba giya jiki a baki. Masu sana'ar sukan kira lambobi na ƙarshe maki, wato daga 1.050 zuwa 1.040 an sauka maki goma.

Awo mafi muhimmanci shi ne na farko, wanda ake yi kafin a zuba yisti, domin duk lissafin da zai biyo baya a kansa yake tsaye. Ka rubuta shi da kwanan wata a littafi ko a jikin bokitin. Bayan haka ka bar giyar ta huta, kada ka sake awo sai kumfa ta faɗi, wato wajen kwana na bakwai ga yistin ɗumi, domin duk awon da aka yi kafin nan ɓarnar giya ne da buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta ba tare da an ƙaru da komai ba.

Wajen ɗibar samfur, tsafta ce kan gaba. Idan bokitin yana da famfo, ka fesa masa ruwan kashe ƙwayoyin cuta irin wanda ake wanke kayan abinci da shi kafin ka buɗe da kuma bayan ka rufe, ka kuma zubar da ɗan abin da ya fara fitowa domin yawanci gwiɓa ce. Ka tuna ka cire mafitar iska ko ka ɗan sassauta ta kafin ka buɗe famfon, in ba haka ba ruwan da ke cikinta zai zuƙe ya faɗa cikin giyar. Idan babu famfo, ka yi amfani da bututun ɗiba da aka tsabtace, ka ɗaga murfi kaɗan, ka ɗiba, ka mayar da shi nan take ba tare da girgiza ba, domin iskar oksijin da yisti ya buƙata a ranar farko ita ce abokiyar gabar giya a yanzu. Abin da aka ɗiba ba ya komawa cikin bokiti ko da mutum yana jin asararsa. Mililita ɗari zuwa ɗari biyu ne, kuma yana da wani amfanin da za a zo kansa.

Karanta lambar ma yana da ƙa'ida. Giyar da ke tsimuwa cike take da iska, kuma ƙananan kumfa kan manne a jikin haidiromita su ɗaga ta, ta nuna lambar da ta fi gaskiya yawa. Don haka ka juye samfurin tsakanin kofi biyu sau da yawa har iskar ta fita, ka zuba a dogon bututun awo, ka saka haidiromita a hankali, ka murza ta da yatsu biyu don kumfar da ta rage ta sake ta, ka kuma tabbatar ba ta jingina da bango ba. Sai ka sunkuya idonka ya zo daidai da saman ruwan. Za ka ga ruwan ya ɗan hau jikin gilashin ta gefe, amma inda saman ruwan ya kwanta shimfiɗe ake karantawa, sai dai idan takardar da ta zo da na'urar ta ce akasin haka. Akwai kuma batun zafi, domin kowace haidiromita an daidaita ta ne a wani zafi da aka rubuta a jikinta, galibi digiri 20 ko 15.6, kuma samfurin da ya fi haka zafi yakan nuna lamba ƙasa da gaskiya. Samfur mai digiri 30 a na'urar da aka daidaita a digiri 20 yana buƙatar ƙarin maki biyu zuwa uku. Yana da kyau kuma, tun ranar da ka sayi na'urar, ka gwada ta a ruwa zalla a zafin da aka rubuta, domin takardar lambobin da ke cikin bututun tana iya zamewa, kuma idan ta nuna 1.002 maimakon 1.000 sai ka riƙa cire maki biyu daga kowane awo.

Da lambobi biyu a hannu, lissafin ba shi da wuya. A ce awon farko 1.050 ne, na yau kuma 1.012. An sauka maki 38 daga cikin 50, wato kashi 76 cikin ɗari, kuma yawancin yistin giya yana cin tsakanin kashi 70 zuwa 80 ne a wannan lissafi, don haka giyar ta kai inda ake sa rai ko ta yi kusa. Sai ka kwatanta da abin da ke jikin fakitin yistinka, domin akwai ire-iren da ke wuce haka nesa, kamar yistin giyar sezon ta ƙasar Beljiyam wanda yake iya sauke lamba har kusa da 1.002, kuma ga irin wannan yisti 1.012 tsakiyar hanya ce. Idan ana son sanin ƙarfin barasa, sai a ninka bambancin, wato 0.038, da 131.25, a samu kusan kashi 5 cikin ɗari. To amma ko da lambar ta yi kyau, awo ɗaya ba ya yanke hukunci. Ka sake aunawa bayan kwana biyu, in so samu ne ka ƙara na uku, kuma sai lambar ta fito iri ɗaya sannan za a ce yisti ya ajiye aiki.

Wasu sun fi son rifiraktomita, wato na'urar da ke auna sukari ta yadda ruwan yake karkatar da haske, saboda ɗigo biyu kawai take buƙata. Tana da kyau kafin a zuba yisti, amma da zarar barasa ta samu sai ta riƙa nuna lamba sama da gaskiya, domin barasa ma tana karkatar da haske, kuma mutane da yawa sun ɗauka tsimuwarsu ta tsaya saboda wannan kawai. Ana iya gyara lambar da manhajar lissafi idan an san awon farko, kuma ko ba a gyara ba tana iya nuna ko lambar tana motsi ko ta tsaya.

Hanci da harshe

Samfurin da aka auna kada a zubar da shi ba a shinshina an ɗanɗana ba, domin yana faɗin abin da lamba ba ta faɗa. Ba zai yi daɗin giyar da ta nuna ba, tunda babu gas kuma akwai ɗacin yisti a ciki, amma zaƙin da ya yi yawa yana nuna saura aiki. Warin ƙwai bara-gurbi yakan tsorata mutum, alhali sinadarin salfa ne da yisti yake fitarwa, musamman na laga, kuma yakan tafi da kansa. Ƙamshin ɗanyen tuffa alama ce ta giyar da ba ta nuna ba, shi ma yisti yakan share shi idan aka ba shi lokaci. Wanda ya fi buƙatar kulawa shi ne ƙamshin man shanu tare da santsi a harshe, wanda sinadarin dayasitil yake kawowa. Yisti yana sake shanye shi bayan sukari ya ƙare, da sharaɗin ba a raba giyar da yistin da wuri ba, kuma shi ya sa masu yin laga sukan ɗaga zafi zuwa digiri 16 ko 18 na kwana biyu zuwa uku a ƙarshen tsimuwa. A ganina wannan shi ne babban dalilin da ya sa bai kamata a yi gaggawar kwashe giya ranar da lamba ta tsaya ba. Ƙarin kwana uku zuwa biyar a kan yisti ba ya cutar da ita, kuma mako biyu gaba ɗaya ma'auni ne mai kyau ga giyar ɗumi mai matsakaicin ƙarfi.

Abin da jira ba ya gyarawa shi ne tsami mai kaifi irin na binega, wanda ƙwayoyin cuta masu son oksijin suke kawowa, da kuma farar yana mai kama da saƙar gizo ko mai ƙuraje a saman ruwan, wadda ke nuna baƙon yisti ko baktiriya sun shiga. Kada dai a rikita wannan yana da 'yan tsibiran kumfa ko dunƙulen yisti da kan yi iyo a sama, waɗanda ba komai ba ne. Idan za ka shinshina, a kofi za ka yi, domin iskar da ta taru a ƙarƙashin murfi tana harbin hanci da ƙarfi.

Idan lamba ta tsaya a sama

Wani lokaci lambar takan tsaya kwana uku ba motsi, amma a wurin da bai dace ba, misali daga 1.050 ta maƙale a 1.024, wato kashi 52 kawai aka ci. Abu na farko shi ne ka zargi awonka kafin ka zargi yisti, ka sake fitar da iskar samfurin, ka sake gwada na'urar a ruwa. Idan lambar gaskiya ce, sanyi ne ya fi jawo haka, domin dare ɗaya mai sanyi ya isa ya sa yisti ya kwanta a ƙasa. Ka mayar da bokitin wuri mai ɗumi ya ƙaru da digiri biyu ko uku, ka juya shi a hankali murfi a rufe don yistin ya taso ba tare da ruwan ya fantsama ba, ka jira kwana biyu ka sake awo. Idan bai motsa ba, sai a ƙara sabon yisti, kuma wanda aka riga aka tayar a ɗan ruwan zaƙi har ya fara kumfa ya fi busasshe da aka barbaɗa, tunda ruwan da ke bokitin yanzu yana da barasa kuma babu oksijin a cikinsa.

Akwai gwajin da ke raba gardama tsakanin yistin da ya gaji da sukarin da ba ya ciyuwa. Ka ɗibi kofi ɗaya na giyar a kwalba mai tsabta, ka zuba mata yisti mai yawa irin wanda ka yi amfani da shi, ka rufe bakin sako-sako yadda iska za ta iya fita, ka ajiye a wuri mai ɗumi kana girgizawa sau da yawa a rana. Bayan kwana biyu zuwa uku ka auna. Idan ta sauka zuwa 1.012, to akwai sauran sukari a bokitin, sai a ci gaba da lallaɓa yisti. Idan kuma ta zauna a 1.024, to sukarin da ya rage ba mai ciyuwa ba ne, wataƙila saboda an jiƙa tsiron a ruwan da ya yi zafi da yawa, kuma giyar ta gama ko da za ta fito da ɗan zaƙi da nauyi.

Dalilin duk wannan taka-tsantsan yana bayyana ne a ranar ɗura kwalba. A ranar ana ƙara ɗan sukari da aka auna don yisti ya samar da gas a cikin rufaffiyar kwalba, kuma giya ta yau da kullum tana ɗauke da gas da ya kai kimanin ninki biyu da rabi na girman ruwanta. Kowane maki ɗaya na sukarin da ya rage, idan ya tsimu a cikin kwalba, yana ƙara kusan rabin ninki. Wanda ya ɗura giya a 1.018 alhali inda za ta tsaya 1.012 ne, ya rufe maki shida a ciki, wato ƙarin ninki uku a kan wanda ya yi niyya, kuma kwalbar gilashi ta yau da kullum ba a yi ta don ɗaukar wannan matsi ba. Mafi sauƙin abin da zai faru shi ne giyar ta yi tsiri ta zube da zarar an buɗe, mafi muni kuwa kwalba ta fashe ta watsa gilashi. Na taɓa tashi cikin dare da ƙarar irin wannan fashewa a farkon koyona, kuma da na duba littafina da safe sai na ga awo ɗaya tak na yi kafin in ɗura. Idan hakan ta same ka, ka sa tabarau da safar hannu mai kauri, ka sanyaya sauran kwalaben a firij domin yisti ya kwanta, sannan ka rufe kowace da tawul ka ɗan ɗaga marfinta a hankali don gas ya ragu kafin ka sake datsewa da sabon marfi.